Guzurin Mai Ciwon Sukari, Daga Madawa Zuwa Abijan

Ba mu kai Galmi ba anka fara miƙo mini abin da ke iya kashe ni. Wata matashiya ce a kujerar baya ta buɗe ledar fanke, ta miƙo gaba kamar yadda anka saba, ta ce, "Inna, bismilla." Na ce na gode, na ƙoshi. Ƙarya nake yi. Ƙamshin man nan ya cika mini hanci har yawu ya taru a bakina, na juya fuska wajen taga ina kallon rumbunan albasa suna wucewa.

Sunana Sa'a, mutuniyar Karofane ce ni, cikin ƙasar Buza. Maigidana ya rasu ya bar ni da ɗiya huɗu da gona mai duwatsu. Shekarar da gero ya ƙi, ƙanena Mamman, mai gashin nama a Abijan, ya aiko in zo. Ya ce akwai rumfar abinci kusa da inda 'yan Adar ke sauke albasa, mai ita ta koma gida, ba su da mai yi musu tuwo irin namu. Abin da ya hana dangi su ce in tashi in tafi shi ne ciwon sukari. Shi ya ci yayata Rabi. Ƙaya ce kawai ta soke ta a gona, ƙafar ta ƙi warkewa, anka yanke ta a asibitin Tawa, ba ta ga damina ta gaba ba.

Da nawa ya bayyana, majo na asibitin Buza, wato babban mai jinya, ya zaunar da ni ya yi mini faɗa. Ba sukari, ba lemun kwalba, ba burodi, ba fanke, farar shinkafa sai 'yar loma. Da ya zo kan fura sai ya yi dariya, don ya san raba Ba'adara da fura kamar raba Buzu da shayi ne. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga ta biyu, ita mutane ke mantawa. In kin sha ƙwayar maganin safe, kada ki zauna da yunwa. In kin ji jikinki na rawa, gumi na karyo miki, to sukarin ne ya faɗi ƙasa. A wannan lokacin sukari shi ne magani." Tun ranar nake ƙulle 'yan ƙwayoyin sukari irin na shayi a haɓar zanena.

Don haka na yi guzuri na kaina a ƙaramin buhu: busasshen zogale, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dafaffen ƙwai, kilishin Madawa, da cuku da wata ƙawata Buzuwa ta kasuwar Keita ta ba ni. Buhun nan yana tsakanin ƙafafuna, ina taɓa shi lokaci lokaci kamar mai goyo.

A Doso wata mata ta shigo ta zauna kusa da ni, ta cika kujerarta ta ci rabin tawa. Bazabarma ce, Hajiya Biba, 'yar kasuwa mai sarin atamfa, ta san hanyar Abijan kamar hanyar rijiyar gidansu. Ko gaisawa ba mu gama ba ta kira mai talla ta taga, ta sayi lemu mai sanyi kwalba biyu, ta dangwara mini ɗaya a cinya.

Na ce, "Hajiya, Allah shi saka, amma ba ni sha."

Ta fito da burodi mai madara, na ce shi ma ba ni ci. Ta dube ni daga kallabi har silifa.

"Baiwar Allah, sammu kike tsoro? Ni da na je Makka zan sa miki wani abu?"

Kunya ta kama ni. A garinmu ƙin abincin mutum zagi ne, ga shi na yi sau biyu cikin ɗan lokaci. Na so in yi mata bayani, amma ban saba faɗa wa baƙo ciwona ba. Ta juya mini baya, ta shanye kwalaben biyu da gayya. Sai da yunwa ta taso mini na kwance buhu, na ɓallo cuku, na miƙa mata rabi ba tare da na dube ta ba. Ta yi kamar ba ta gani ba, can ta karɓa. Tana tauna na ba ta labarin Rabi da ƙafarta. Ban gama ba ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni Biba! Da na kashe 'yar mutane da lemu! Yaya Sa'a, don Allah ki yafe. Daga yau duk wanda ya kawo miki sukari, da ni zai yi."

Dokar majo ta farko kawai na gaya mata. Ta biyun ban ga dalilin faɗa ba.

A Yamai munka kwana a tasha, da safe anka ce mu canja kar, wato babbar motar fasinja. Wani ɗan kamasho mai jar hula ya tare ni a ƙofa ya ce ba a shiga da buhu cikin wannan motar, sai a ƙasa wajen kaya. Na ce abincina ne, ina da lalura. Ya ce, "Haba Inna, ni ma uwata na da shi. Kawo in aje miki a baki-baki, da an tsaya sai ki ɗauka." Ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa. Na riga na sha ƙwayata bayan sallar asuba, na ce a raina in mun tsaya Torodi sai in karya.

A Torodi anka buɗe wajen kaya. Jakar tufafina na nan, buhun guzuri babu. Anka fidda kaya anka mayar, babu. Direbanmu, wani Bamoshe dogo mai suna Salifu, mai Hausar tasha, ya girgiza kai ya ce mai jar hular ba ma'aikacinsu ba ne, ƙamshin kilishi ya ji. Hajiya Biba ta tsaya bakin hanya ta fuskanci Yamai ta yi ta ja masa Allah ya isa da Zabarmanci. Ni kuwa ko kuka ban iya ba. Na ga kamar an kwance mini igiyar guga ina tsakiyar rijiya.

Abin da ke wurin masu talla burodi ne da fanke da biskit da lemu. Na ƙi. Na ce zan daure har gaba. A Makalondi ma haka. Da munka isa iyakar Barkina rana ta take, anka sauke mu duka, munka yi layi da takardunmu a hannu, ba inuwa ko ta sanda. Nan na fara jin hannuna na kaɗawa. Gumi mai sanyi ya karyo mini. Ina ganin bakin jandarma na motsi amma maganarsa kamar daga cikin tulu take fitowa. Na san abin da ke faruwa, na kai hannu haɓar zane, yatsuna sunka ƙi kama ƙullin. Sai na ji ƙasa ta taso ta same ni.

Ban suma duka ba, ina ji sama-sama. Wata mai tallan zoɓo, Bagurmiya, ta sheƙo da gudu da leda a hannu, ta durƙusa za ta matsa mini a baki. Hajiya Biba ta yi kukan kura ta riƙe hannunta.

"Kul! Sukari gare ta! Kashe ta za ki yi!"

Matar na ihu da yarensu, Biba na ihu da nata, ledar zoɓo na tsakaninsu suna ja. Ina so in ce, "Biba, sake ta," harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ina ta jan haɓar zanena ina nuna musu, sunka ɗauka zafi nake ji, wani ya kama yi mini fifita da kwali. Allah ya kawo Salifu direba. Ya saurari mai zoɓon, ya daka wa Biba tsawa.

"Hajiya, bar ta! Ta ce mijinta na da ciwon nan. Ta ce in sun yi gumi haka, zaƙi ake ba su, in ba haka ba, sai su mutu!"

Biba ta sake ta, amma ta ce, "In ta mutu, wallahi ke da direban duka sai na kai ku gaban hukuma."

Zoɓon ya sauka a maƙogwarona, sanyi da zaƙi, abin da na yi shekaru ban ɗanɗana ba. Kaɗan kaɗan duniya ta dawo daidai. Abin da na fara gani fuskar Biba ce, kwalli ya zubo mata har haɓa. Na kwance ƙullin na nuna mata ƙwayoyin sukarin, na gaya mata dokar majo ta biyu. Ta zauna daɓas a ƙasa cikin atamfarta mai tsada.

"Wannan wane irin ciwo ne, Yaya? A ba ki, ki mutu. A hana ki, ki mutu."

Na ce, "Shi ya sa ba a barin shi hannun mutum guda."

Mai zoɓon ta tafi rumfarta ta dawo da dafaffen ƙwai da gyaɗa a ƙullin leda. Na buɗe lalita, ta ture hannuna, ta nuna sama. Ban san sunanta ba har yau. Abin da na riƙe shi ne tsagar fuskarta da wani haƙori na gaba da ya ɓalle rabi.

Salifu ya ce in ina so ya sa ni a motar da za ta koma Yamai, gida ya fi kusa da inda za mu. In na koma, me zan tarar? Rumbu wayam da ɗiya huɗu. Na ce masa, "Ɗana, tada mota. In abinci na hanyar ga, ni ka gano shi."

Daga nan na koyi cin abincin hanya da ido kafin baki. A garin Fada na ga mai wake da shinkafa, na ce ta tsamo mini wake zalla. Ta yi mini kallon mahaukaciya, Biba ta tsaya mata a kai har ta tsamo. A Wagadugu na ci gasasshiyar kaza da yankakkiyar albasa da kokwamba, burodin da anka haɗo da shi na ba wani ɗan makaranta. Duk inda munka tsaya Biba ce ke fara sauka, ta zagaya masu talla tana buɗe tukwane tana tambaya, "Akwai sukari ciki?" har a wurin mai gasa kifi. Mutanen kar sunka sa mini suna da Faransanci, ma'anarsa Mama-ba-sukari. Wanda ya sayi ƙwai sai ya sayo biyu. Wani saurayi ɗan Galmi mai suna Idi, da ke rakiyar buhunan albasar ubansa, kullum sai ya ajiye mini gyaɗa a kujera ya yi kamar ba shi ba ne.

Wuri ɗaya ne na kusa karya doka da gangan. Bayan Waga munka tsaya sallar la'asar a wani ƙauye, sai ga Bafillatana da ƙwaryarta, tana dama wa wani fura. Ƙarar ludayi a jikin ƙwarya kawai na ji, sai ga ni a tsakar gidanmu a Karofane. Ga innarmu ta dawo daga gona, ta zauna gindin rumbu tana dama, mu kuma mun kewaye ta, Rabi na ture ni don ta riga ni karɓar ludayi, rana na faɗawa bayan tudun duwatsu. Na isa gaban matar ban san na taka ba. Ta ɗago curin fura tana jiran in ce nawa. Daga baya na ce ta zuba mini nono zalla. Na koma bayan kar na sha shi da tsaminsa, ina sha ina hawaye, ba don tsamin ba.

A Bobo wani mai magani ya shigo da jaka, ya tsaya tsakiyar mota yana wa'azi. Garin maganin nan nasa, in ji shi, yana maganin basir da ciwon baya da rashin haihuwa, mai sukari kuwa in ya sha, ya ci alewa son ransa. Biba ta saya mini ƙulli har uku. Na karɓa na yi godiya, na ce sai mun sauka. Da ta matsa na ce, "Hajiya, Rabi ta sha irin wanga har ta gaji." Can na ga ta buɗe taga ta watsar, ta ce ita ma dama warinsa bai yi mata ba.

Munka shiga Kodebuwa, ƙasa ta canja. Itatuwa sunka yi duhu, iska ta yi nauyi, abincin hanya ya koma acake, wato garin rogo da ake turarawa, da soyayyar ayaba. Duka biyun ba nawa ba ne. Munka yi yarjejeniya da Biba: mu sayi kwano ɗaya, ita ta ci acaken, ni in ci kifin da tumatir da albasa. Ta ce tun da take tafiya ba a taɓa cutarta irin wannan ba, kuma kullum ita ke tura mini kan kifin.

Bayan Ferke, kafin Katiyola, kar ta yi wata ƙara ta tsaya. Salifu ya shiga ƙarƙashi ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ce ƙarfen da ya karye sai an kawo daga Buwake, ba yau ba. Daji ne, sai gonakin kashu da wani ɗan ƙauye can gefe. Ba tasha, ba masu talla. Zuwa washegari da hantsi guzurin kowa ya ƙare, yara na kuka, maza sun fara yi wa direba baƙar magana. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don na san abin da yunwa ke yi mini. Ƙwai ɗaya ya rage a hannuna.

Na ce wa Biba mu shiga ƙauyen. Abin da ke gare su doya ce da rogo. Muna juyowa na hango dangar wani gida, na tsaya cak. Zogale ne, jere guda, ya yi kore shar, ya fi tsawon ɗaki, awaki na cin na ƙasa. Tun da na bar gida ban ga abin da ya yi mini kama da ɗan'uwa irinsa ba.

Maigidan wani tsoho ne mai sanda. Ba ya jin yarenmu, ba mu jin nasa. Na nuna ganye, na nuna baki, na nuna hanya inda mutanenmu ke zube. Ya yi dariya har da tari, ya kira matansa. Sunka ba mu aron babbar tukunya da turmi, sunka kawo tunkuzar gyaɗa da barkono da tumatir. Na aika Biba ta kira matan kar. Idi ya buɗe wajen kaya ya farke buhun albasa ɗaya, ya ce in ubansa ya tambaya zai ce duwan, wato 'yan kwastan, ne sunka ci. Maza sunka haɗa hannu sunka sayi doya.

Na ɗaura ɗamara. Rabona da tsayawa gaban murhu tun Karofane, sai na ji ƙarfi ya dawo mini. Na raba aiki, waɗannan na tsinke ganye, waɗancan na yanka albasa, Biba na daka tana waƙar Zabarmawa, matan gidan na amsa mata da tasu. Na dafa zogalen na tsane shi, na kwaɗa da gyaɗa da yaji da ɗan gishiri, anka dafa doya gefe guda. Munka shimfiɗa ledoji da kwalaye ƙarƙashin itacen mangwaro, Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da mutanen gari, hannu na bin hannu. Wani ɗan Kodebuwa mai taye a wuya da ya ce shi ba ya cin ganye kamar akuya, shi ya fara neman ƙari. Tsohon ya ci, ya dubi dangarsa, ya dubi matansa, ya faɗi wata magana da ta sa sunka fashe da dariya.

Ni na ɗibi doya yanka ɗaya, na cika kwano da kwaɗo. A karon farko tun Madawa na ci na ƙoshi ban ji tsoron loma ko ɗaya ba. Ba wanda ya miƙo mini abin da zan ce a'a. Ni ke miƙawa.

Ƙarfen ya iso da yamma, munka kama hanya. A tashar Ajame cikin Abijan munka rabu da Biba. Ta rungume ni har na ji ƙasusuwana, sannan ta tare Mamman tun kafin mu gaisa ta karanta masa dokokin majo, ta farko da ta biyu, har sai da ya maimaita.

Mamman bai iya haɗa ido da ni ba. Sai da munka kai ɗakinsa ya ce, "Yaya, rumfar nan an ba wata. Na yi ta kiran wayarki ba ta shiga." Na dubi jakata, na dubi ƙafafuna da sunka kumbura saboda zama. Na ce masa ya nuna mini inda zan yi alwala.

Na yi kwanaki ina taya shi yanka albasar tsire. Wata safiya sai ga Salifu direba ya zo yana tambayar inda Mama-ba-sukari take. Ashe labarin girkin daji ya zagaya tasha, Idi kuma ya kai shi kasuwar albasa. Salifu ya ce shugaban 'yan albasa ke nemana, Alhaji Nomau, mutumin Keita, wanda ya fi shekara talatin a ƙasar. Shi ma ciwon ya kama shi, an hana shi duk abin da ya sani, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa.

Na bi kasuwa na samo zogale da wake da ɗan tsakin dawa. Na yi dambu, ganye ya fi tsaki yawa, na sa albasa da ƙuli da ɗan man gyaɗa, na rufe a kwano na kai masa. Yana zaune kan buhu cikin mangaza, wato ɗakin ajiyar albasa, mutanensa kewaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, kin tabbata wanga ba shi taɓa ni?"

Na ce, "Baba, abin da ni ka ci ne. Ciwonmu guda."

Ya yi bismilla ya kai loma. Ya kai ta biyu. Ya ci har ya ga gindin kwano, ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Idanunsa sun yi ja.

"Hannun ga na Adar ne. Wane gari?"

"Karofane, Baba."

Ya kira wani ya ce a kwashe buhunan da ke bakin ƙofar mangaza, a share wurin, a kafa rumfar kwano bisa. Sannan ya juyo gare ni.

"Irinmu da yawa cikin kasuwar ga, kowa na ɓoyon nashi. Gobe ki zo da tukunya."

Na ce, "Wace iri, Baba? Ƙarama ko babba?"

Ya miƙo mini kwanon, ya ce, "Babba. Kuma ki fara zuba nawa kafin su ji labari."